Teku a hannun dama: daga Tanja zuwa Dakar ni kaɗai a kan babur

Tun da na dawo tambaya ɗaya ake ta yi min, wai ya teku, ka more kallon teku ko? Nakan ce alhamdulillahi kawai in wuce, don in na tsaya bayani sai a ga kamar ƙorafi nake, amma gaskiyar magana a kwana 24 da nayi a kan babur daga Tanja ta ƙasar Maroko har Dakar ta Senegal, sama da kilomita 3,000, lokacin da na ɗauka ina kallon tekun nan da idona bai taka kara ya karya ba. Mai babur ba ya kallon gefe. In kana gudun 90 ka waiwaya na daƙiƙa uku to ka riga ka ci mita 75 baka san me ke gabanka ba. Tekun dai yana nan a hannun dama kullum, sai dai jinsa nake yi, a wuyana da gwiwoyina da leɓena da kullum yake ɗanɗanon gishiri, da kuma jikin cen ɗin babur wanda shi ya fi kowa shan wahala a tafiyar.

Da gangan na zaɓi in taso daga arewa in gangaro kudu. Duka ƙasashen da hanyar ta ratsa a dama ake tuƙi, to in ka fuskanci kudu tekun Atlantika yana damanka, kenan kaine a layin da ke gefen ruwa, in kana son tsayawa sai dai ka sauka kawai ba sai ka tsallaka titi ba. Dalili na biyu kuma wanda ya fi girma shine iska, a wannan gaɓar galibi daga arewa ko arewa maso gabas take kaɗawa, wato turo ka take yi ta baya. A lokacin da nake shiri na ɗauka wannan ƙaramin abu ne, irin bayanan da mutum ke karantawa ya gyaɗa kai. Sai da na kai wajen garin Dahla can Yammacin Sahara na san darajarsa, zan zo kan wannan.

Babur ɗin ƙarami ne, mai inji cc 250, silinda ɗaya, iska ke sanyaya injin, tankinsa lita 12. Mutane da yawa sun ce min ai wannan tafiyar sai babban mashin, ni kuma lissafina ɗaya ne, in ya faɗi waye zai ɗaga? Ni kaɗai ne. Duk abin da bazan iya ɗagawa ni ɗaya ba a cikin yashi to ba nawa bane. Kaya kuwa jaka biyu a gefe, ɗaya a baya, jarka mai lita 5 ta fetur, ruwa lita 6, tiyub na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo, sifanu, filaya, fulogi ɗaya, wayar kuloci, da tsumma mai yawa. Tsumman nan wallahi ya fi rabin kayan amfani.

Kafin in kama hanya na leƙa Kap Sfartel, ɗan tsinin ƙasa a yamma da Tanja inda mashigin Jibralta ke buɗewa cikin Atlantika, akwai tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa a wurin. Na ɗauki hoto ɗaya na juya kan babur kudu. Daga nan zuwa Agadir ba zan ja zance ba, garuruwa ne a jere, Asila, Rabat, Kasablanka, Jadida, Safi, Sawira, ko'ina akwai mai akwai makaniki akwai wurin kwana, abin tsoron ma cunkoson motoci ne musamman Kasablanka inda na fi jin tsoron tasi akan duk hamadar da ta biyo baya. Abu ɗaya dai ya tsaya min a rai a can, masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993 kuma wani sashensa a kan ruwa yake zaune. Duk da girmansa da ƙarfin gininsa, shekara goma da ƴan kai kawai sai da aka yi masa gagarumin gyara saboda ruwan gishiri ya ratsa kankare ya ci rodin da ke ciki. Na tsaya ina kallon ginin ina kallon babur ɗina da na kafe a can nesa, nace to, abin da ya ci Doma ai ba zai bar Awai ba.

Kuma bai bari ba ɗin.

Bari in tsaya a nan kaɗan don shine abin da duk mai niyyar irin wannan tafiya ya kamata ya fi sani. Ba sai babur ya taɓa ruwan teku gishiri ke hawansa ba. Igiyar ruwa in ta bugi dutse tana fesa wani irin ƙurar ruwa siriri da ido baya gani sosai, iska ta ɗauke shi ta kai shi kan titi, ya sauka a jikin ƙarfe, rana ta busar da ruwan ta bar gishirin, da daddare kuma raɓa ta sauka gishirin ya sake jan danshi, to haka ake ta yi kullum, jiƙa bushe jiƙa bushe, kuma babu abin da tsatsa ke so kamar haka. Kwana huɗu kacal na fara ganin jan ɗigo-ɗigo a jikin cen da kan notuna da wayoyin taya. A Safi ne wata safiya na danna sitata naji "ƙas" kawai, shiru, na sake dannawa shiru, gabana ya faɗi nace shikenan batir ya tafi tun ba a je ko'ina ba, ashe kan batirin ne wani farin gari mai kore-kore ya lulluɓe, na kwance na kankare da wuƙa na goge na ɗaure na shafa giris, bugu ɗaya ya tashi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, duk inda na sauka kafin in nemi wurin wanka sai na fara yi wa babur nasa. Ruwan daɗi, mai sanyi, bokiti ɗaya ma ya isa in da tsumma, kuma bana yarda a sa masa injin wankin mota mai ƙarfi kusa da boris ko cen saboda tura ruwan yake ciki ya kori giris ɗin.

Cen kuma nata rigimar daban ce, don a bakin teku abu biyu take so da basa jituwa. Gishiri na cewa ka shafa mata mai da yawa kar tayi tsatsa, yashi kuma na cewa in ka kuskura ka cika mata mai zan manne in zama samfefa in cinye ta da haƙoran da take hawa. Abin da na koma yi shine da zarar na tsaya da yamma tana da ɗumi, in goge ta da tsumma da ɗan kananzir, in sa mai kaɗan ta ciki ina juya taya, in bari ya shiga, da safe in sake goge duk wanda ya rage a waje har sai ta kusa bushewa a ido. Sannan in taɓa ta da yatsa in ji sakinta, in tayi sako-sako in ɗan ja. Minti goma sha biyar ne aikin amma kullum ne, ba fashi. Kuma abin mamaki wannan ɗan aikin shi ya riƙe min hankali a kwanakin da kaɗaici ya so ya fi ƙarfina, mutum in ba shi da abokin magana to ya samu abin da zai kula da shi.

Abu na biyu da teku ya yi min wanda ban shirya masa ba shine sanyi. Ni a kaina hamada zan shiga, na cika jaka da kaya marasa nauyi. Ashe akwai wani ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa yana bin gaɓar nan, ana ce masa igiyar Kanari, ga kuma iskar da ke ture ruwan da ke saman teku zuwa can ciki nesa da gaɓa sai na ƙasa mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Shi yasa kifi ya yi yawa a wannan gaɓar, shi yasa kuma da safe hazo ke rufe hanya, hazo mai jiƙa riga, gilashin hular kwano yayi ta tara ɗigon ruwa kana gogewa da safar hannu kana ƙara ɓata shi da gishiri. Kilomita 20 cikin ƙasa ana zufa, kai kuma a bakin ruwa haƙoranka na haɗuwa. Kuma sanyin kan babur macuci ne, baya zuwa lokaci ɗaya, a hankali yake zuƙe ka har sai kazo taka birki kaji yatsunka sunyi nauyi. A Sawira, garin da iskarsa ma ta yi suna, na sayi rigar sanyi mai kauri na riƙa sa rigar ruwa a samanta ko ba hadari, don ta tare iska.

Daga Agadir na ratsa ta Sidi Ifni, garin da ya zauna a hannun Sifen har 1969, gine-ginensu na nan har yanzu fari da shuɗi. Kusa da shi akwai Lagzira inda ruwa ya huda jan dutse ya yi kamar ƙofar gari, da biyu ne manya, ɗaya ta rufta a 2016. Wannan ma darasi ne don bayan Tan-Tan hanya takan hau kan wani dogon gefen dutse, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma sai kawai ta yanke, teku na can ƙasa, kuma zuciya tana raya maka ka matsa da babur har baki kayi hoto. Kar ka soma. Ruwa yana cin dutsen ta ƙasa, abin da kake tsaye a kai zai iya zama rufi ne kawai ba komai a ƙarƙashinsa. Kusa da Akfanir akwai wani ƙaton rami a gefen titi, teku ya rarake ƙasa har saman ya burma, kana leƙawa kaga igiyar ruwa tana shiga tana fita a ciki. Bayan naga wannan ban sake kafe babur kusa da baki ba, nakan bar shi a gefen kwalta in taka da ƙafa.

Daga nan ne tafiyar ta canza fuska. Garuruwa suka fara nisa da juna, bishiya ta ɓace, sai titi miƙaƙƙe da tireloli masu firji ɗauke da kifi suna haurawa arewa. Tirelolin nan su ne jarabawar. Iska tana turo ka ta baya da ɗan gefen hagu, ka riga ka saba ka ɗan jingina babur a jikinta, sai tirela ta taho ta tare iskar na ƙiftawar ido, babur ya zube inda ka jingina, tana wucewa kuma iskar ta dawo haɗe da tata guguwar ta maka mari. Farko ƙanƙame kan babur nake yi da ƙarfi, kuma hakan ne ya fi muni saboda duk girgizar da jikinka yayi sai ta shiga taya. Daga baya na koyi in matse tanki da gwiwa, in saki hannu sako-sako, in matsa can dama, in rage gudu kafin ta iso amma in riƙe totur kar in saki a lokacin da take wucewa. Sannan ruwan kifin da ke ɗiga daga jikinsu yana barin santsi a kwana, in kaga kwalta tayi duhu tana sheƙi a lanƙwasa ka bi a hankali, hancinka ma zai gaya maka.

Wajen Tarfaya akwai filin injinan samar da lantarki da iska, guda 131, megawat 300, tun 2014 suke aiki. Ka daɗe kana hango su kafin ka iso. Duk wanda yake shakkar ƙarfin iskar yankin ya je ya ga inda aka zuba wannan dukiyar saboda ita.

Daga kusan nan kuma an shiga Yammacin Sahara, yankin da ake taƙaddama a kansa tun bayan ficewar Sifen a tsakiyar shekarun 1970, Maroko ke riƙe da mafi yawansa har da duk hanyar bakin tekun, ƙungiyar Polisario kuma na neman ƴancinsa. Ga matafiyi abin da wannan ke nufi shine shingen bincike a ƙofar kowane gari, da kuma nakiyoyi da aka binne tun lokacin yaƙi waɗanda har yanzu akwai su a wasu wurare musamman can kudu. Na shingen mai sauƙi ne, ka buga takarda mai ɗauke da sunanka da lambar fasfo da lambar babur da inda ka fito da inda zaka, kayi kwafi da yawa, ana tsayar da kai ka miƙa ɗaya ka wuce, in ba haka ba sai ka sauka ka cire hula ka cire safar hannu a zauna a rubuta da biro. Ni 30 na buga kuma har Murtaniya ina rabawa. Wani jandarma bayan garin Layun ya kalli takardar ya kalli bayana ya tambaye ni ina sauran, nace ni kaɗai ne, ya girgiza kai ya rubuta lokacin da na wuce, ashe suna sanar da shingen gaba. Wallahi naji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa, a ce akwai wanda zai lura in ban iso ba.

Kusa da Layun ɗin ne kuma hanya ke gittawa da bel ɗin da ke jigilar ma'adinin fosfat daga Bukra zuwa tashar ruwa, kusan kilomita 100 tsawonsa, abu kamar a mafarki a tsakiyar fili.

Layun zuwa Dahla sama da kilomita 500 ne, Bujdur ce kaɗai gari na kirki a tsakani, kuma a nan ne na san me ake nufi da tafiya kai kaɗai. Ba tsoro bane, aƙalla ba irin tsoron da mutane ke zato ba na ƴan fashi ko aljanu. Kai ne dai da kanka a cikin hular kwano awa shida, babu rediyo babu mai cewa kai dubi can, tunani yayi ta zuwa, bashin da ka manta, maganar da ka faɗa wa wani shekara takwas da suka wuce, har ka fara jin wata ƙara a injin da babu ita. Sau biyu ina tsayawa in duba injin lafiyarsa ƙalau. Ga barci, titi miƙe ƙarar inji iri ɗaya iska na turo ka, idonka a buɗe amma ka tafi, sai kaga alamar kilomita ta wuce baka san yaushe ka ci goman da suka gabata ba. Maganin da na samu shine duk awa ɗaya in tsaya ko bana so, in sauka in zaga babur sau biyu in sha ruwa, in toshe kunne da abin toshewa saboda ƙugin iska a cikin hula yana gajiyar da ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato, kuma ƙarfe huɗu na yamma tayi min a masauki. Gaɓar tana karkata kudu maso yamma ne, to in rana tayi ƙasa a fuskarka take, ta haɗu da gishirin gilashi baka ganin komai sai fari, ga raƙuma da suke hawa titi yadda suka ga dama.

Kullum da yamma nakan tura wa yayana inda nake da inda zan kwana gobe. Ranar da na isa Bujdur ya kira, yace kai yanzu fisabilillahi me kake nema a wannan dajin, nace Yaya ba daji bane ko ciyawa babu, yace to ai gara dajin. Muka yi dariya, amma da ya kashe wayar sai naji ɗakin ya min girma.

Faɗuwata ɗaya ce a duk tafiyar kuma ni na jawo. Tsakanin Bujdur da Dahla naga wata ƴar hanya da sawun motocin masunta ta gangara wajen ruwa, nace bari dai yau in taɓa tekun nan da hannuna. Sawun da farko tauri ne, can sai ya zama yashi mai laushi, tayar gaba ta fara rawa, ni kuma nayi abin da duk littafi ya hana, na saki totur na kalli ƙasa, sai gani na a kwance ƙafar dama a ƙarƙashin jaka. Ba gudu nake ba don haka ban ji ciwo ba, na kashe inji na zaro ƙafa na zauna. Shiru. Ba mota ba mutum, waya ba sabis, titi na can sama kusan kilomita biyu. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. A nan ne na gode wa Allah da ban saurari masu cewa babban mashin ba. Na kwance jakunkuna duka, na tabbatar yana cikin giya, na juya masa baya na tsuguna na sa ƙuguna a jikin kujera, hannu ɗaya a kan babur ɗaya a ƙarfen baya, na tura da ƙafafu ina ja da baya kaɗan-kaɗan har ya miƙe. Na rage iskar tayoyi, na tura shi a giya ɗaya ina tafe a gefensa har wuri mai tauri, na dawo na kwashi kaya sawu uku, sannan na zauna da ƙaramin famfon nan ina mayar da iska. Awa biyu abin ya ci. Tekun kuma ban taɓa shi ba, ina jin ƙararsa dai a bayan tudu. In da mu biyu ne da minti goma ya isa, kuma da wataƙila ɗayan ya ce kar mu shiga tun farko, to amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Dahla tana kan wani siririn tsibiri ne mai haɗe da ƙasa, kusan kilomita 40 zaka shiga, ruwa dama ruwa hagu, masu wasan zamiya a ruwa da lema cike da wurin saboda iskar. Shiga daɗi. Fitowa kuwa dole ka fuskanci arewa, kuma a wannan kilomita 40 ɗin na gane irin gatan da nake ciki tun daga Tanja. Lissafin mai sauƙi ne, in kana gudun 90 iska mai gudun 40 na bayanka to jikinka 50 yake ji, in ka juyo 130 yake ji, kuma turjiyar iska ba ninki biyu da rabi take ƙaruwa ba, kusan ninki bakwai ce don da murabba'in gudun take tafiya. Babur ya ƙi wuce 70 a giyar ƙarshe, wuyana kamar ana ja da igiya, allurar mai tana sauka ina kallo. A wani gidan mai bayan mararrabar Dahla na haɗu da wani dattijo Bature shi ma shi kaɗai a babur yana haurawa arewa, idonsa jawur, bamu da yare ɗaya sosai amma ya nuna min tankinsa ya nuna iska ya ɗaga hannu sama. Na ba shi guda biyu daga cikin takardun shingena don ya ga yadda ake tsarawa, shi kuma ya nuna min a taswira gidan man da ya tarar babu fetur.

Wannan bayanin ya yi min rana. Dokar hamada ita ce duk inda kaga mai ka cika ko rabin tanki ka sha, kar kace sai na gaba. Ƙasa da Dahla kaɗan akwai allo da ke nuna an tsallaka layin Kansa, wato layin taswira da ke digiri 23 da ɗan ɗori arewa da tsakiyar duniya, daga nan kuma sai allunan gargaɗin nakiya, ko fitsari zakayi a bakin kwalta zaka tsaya.

Bodar Gargarat ta cinye min yini guda. Tsakanin shingen Maroko da na Murtaniya akwai ƴan kilomitoci da ba na kowa ba, wani sashen ba kwalta, dutse ne da yashi da gawarwakin motoci, kuma shawarar kowa ɗaya ce, ka bi sawun da tireloli suka bi kar ka kauce. Na bi bayan wata tirela a giya ɗaya ina shan ƙurarta da godiya. Bayan an gama biza da takardar shigar da babur da inshora, kaɗan da barin bodar sai ga layin dogo, na jirgin da ke kwaso tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kusan kilomita 700, jirgin kansa yakan haura kilomita 2 tsawo. Na ci sa'a yana wucewa, na kashe inji na zauna ina ƙirga taragu har na gaji na bari.

Nuwadibu zuwa Nuwakshot babban birnin Murtaniya kusan kilomita 470 ne kuma a nan hanyar bakin teku ta rabu da teku kwata-kwata, ta zagaye gandun Bank Dargin ta cikin ƙasa, wurin da tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka, UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1989. Da barin gaɓa sanyin ya ɗauke kamar an kashe fanka, zafi ya sauko, iska ta koma ta gefe tana kwaso yashi tana shimfiɗawa a titi, wani wurin harshen tudun yashi ya cinye rabin layi, kuma sai naji ina kewar hazon da nake zagi kwana goma da suka wuce. Yawancin motocin hanyar gas wato dizal suke sha don haka gidan mai zai iya kasancewa a buɗe amma ba fetur, jarkar nan tawa a nan ta biya kuɗinta. Kafin ayi kwaltar nan a farkon shekarun 2000, masu mota ta bakin rairayin teku suke bin sashen ƙarshe zuwa Nuwakshot, sai ruwa ya janye su bi kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri, kuma dole su san lissafinsa, ruwa na cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50, ya fi cika ya fi janyewa a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Wanda ya makara teku ya ci motarsa. Zuciyata ta raya min in gwada ko kilomita biyar ne kusa da Nuwakshot, na tuna awa biyun da nayi ina fama a yashi, na tuna cen ɗina, na haƙura.

Shiga Senegal ta bodar Diyama nabi ba ta bodar Roso ba. Hanyar ƙasa ce mai ƙunƙumi-ƙunƙumi a kan wata ganuwa da ta ratsa gandun Diyawling, gadu suna tsallakawa da wutsiya a sama, bayan kwanaki ba ganye sai ga ruwa da kore ko'ina har ido na ciwo. Bodar kanta a kan madatsar ruwa take, wadda aka gama a 1986, kuma babban aikinta hana ruwan gishirin teku haurawa cikin kogin Senegal lokacin rani. Na yi dariya ni kaɗai a cikin hula, ashe ba ni kaɗai nake wannan yaƙin ba, ƙasashe ma sun haɗa kuɗi sun gina bango saboda shi. San Luwi ta Senegal kuma ta gadar Faidherbe ake shiga tsibirinta, gadar ƙarfe mai kusan mita 500 da aka buɗe a 1897, ita ma tsatsa ta ci ta sai da aka sabunta ƙarafunanta aka gama a 2011.

Kwana biyu nayi a can ina barci, sannan na ƙarasa Dakar, kilomita 260 da ɗoriya na ƙauyuka da kuka da motocin haya masu tsayawa ba sigina. Na wuce kai tsaye Almadi, tsinin da ya fi ko'ina yamma a duk faɗin nahiyar Afirka, na kafe babur nesa da ruwa yadda na saba, na cire takalmi na taka kan duwatsu na tsoma ƙafa. Ruwan ya fi na arewa ɗumi. Ban daɗe ba don feshin yana kaiwa har inda babur yake, na koma masauki na roƙi bokiti, ina cikin goge tayar baya naga ɗaya daga cikin notunan salansa ya rikiɗe ja gaba ɗaya, shi kaɗai ne ashe tsummana bai taɓa kaiwa wurinsa ba tun Tanja, na sa sifana ya ƙi motsi.